Jirgi Mai Komi Biyu da Ruwayen Ƙasarmu

Mu mutanen Walewale ba mutanen ruwa ba ne. Garinmu yana kan babbar hanyar Tamale zuwa Bolgatanga, abin da muka saba da shi kuwa mota ne da ƙura. Duk da haka ruwa ya kewaye mu. A kudu akwai kogin Nasia, a arewa akwai Farin Volta a Pwalugu, a yamma kuma kogin nan ya sāke lanƙwasowa ya raba mu da Yagaba da Kubori da ƙauyukansu. Ƙasar nan ce ake yi wa laƙabi da Obasis a bakin 'yan boko, wato ƙetaren teku, gama shekara da shekaru in damina ta yi tsakiya ba mai isa can sai ta kwalekwale. Kusan kowace shekara kuma, a watan Agusta ko Satumba, akan buɗe ƙofofin dam ɗin Bagre a Burkina Faso, ruwan ya shigo ta ƙasar Bawku ya gangaro mana. Wanda ya ga ambaliyar 2007 ba ya bukatar a ba shi labari.

Kwalekwalen da ake fito da shi siriri ne, da ƙyar mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ya taɓa shiga ya san dokar mai fito: zauna ƙasa, kada ka miƙe, kada ka jingina da baki. A cikinsa ake ɗora babur da buhunan masara, da 'yan makaranta, da mace mai naƙuda wadda ake so a kai asibiti a Walewale ko Nalerigu. Haka abin yake a kogin Oti, gabas da Yendi. Mutum ɗaya ya firgita ya zabura, ran mutum goma ya shiga hatsari.

Na ce mu ba mutanen ruwa ba ne, amma cinikin da ya kawo Hausawa ƙasar nan sai da ya haye ruwa. Goron Asante da fatake suke ɗauka zuwa Kano ta Yeji yake ƙetare Volta kafin ya isa kasuwar Salaga, gishirin Ada kuma a kwalekwale yake haurowa daga bakin teku. A zamanin nan, kafin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, Volta kogi ne, kana wannan gaɓa kana jin kiran wanda yake waccan. Sa'ad da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 sai kogin ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500. Aka ta da mutum kimanin 80,000 daga gidajensu, tsohon garin Kete Krachi ya nutse. Ba a kuwa sare dazuzzuka kafin ruwa ya rufe su ba, har wa yau kututturan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa kamar māsu. Tsakanin Yeji da Makango akwai babban jirgin fito na ƙarfe, amma yawancin mutanen tafkin da jirgin katako suke tafiya. An ƙara masa tsawo, an sa masa inji a baya, waɗansu masunta sukan ɗinka buhunan fulawa su kafa don iska ta tura su. Siffarsa dai ta kogi ce, ruwan da yake bi kuwa ya zama ƙaramin teku mai hadiri da raƙuman ruwa. A watan Janairu 2023 'yan makaranta takwas suka mutu a tafkin, a gundumar Sene ta Gabas, suna hanyar zuwa makaranta. A watan Yuni 2025 ɗalibai bakwai daga Lawra suka mutu a Baƙin Volta.

Abin da ya sa na fara tunani a kan siffar jirgi wani tsohon littafin Turanci ne da na saya a wurin masu gwanjon littattafai a Tamale. Labarin jiragen tsere ne na masu kuɗi, irin waɗanda iska take turawa da zane, ba inji. Na saye shi domin hotuna, amma a ciki na tarar da tambayar da mai fito yake amsawa kullum da tsawarsa: me yake hana jirgi kifewa?

Hanya biyu ce. Ta fari ita ce nauyi. Turawa sukan rataya dalma ko ƙarfe a ƙarƙashin jirgi, wani lokaci sulusin nauyin jirgin duka ko fiye, domin in iska ta kwantar da shi nauyin ya sāke ta da shi, kamar tulun da aka zuba wa yashi a gindi. Ta biyu ita ce faɗi. Ɗan kokawa ba ya haɗa ƙafafunsa wuri ɗaya, yakan buɗe su. In ka ɗauki kwalekwale biyu sirara ka jera su da tazara a tsakani, ka ɗaure su da azara, ka sami jirgin da ba ya bukatar dalma ko kaɗan. Jikin jirgi da yake zaune cikin ruwa shi Hausawan bakin kogi suke kira komi, sunan nan guda da muka sani na komin dabbobi, gama sassaƙarsu ɗaya ce. Mai komi biyu shi ne katamaran. Mai komi uku, wato babba a tsakiya da ƙanana biyu a gefe kamar 'yan rakiya, shi ne tirimaran. Da yake kowane komi siriri ne, tsawonsa yakan ninka faɗinsa sau goma ko fiye, yana yanka ruwa kamar wuƙa, ba shi kuma jan nauyin dalma. Saurinsa daga nan yake.

Ba Turawa suka ƙaga wannan ba. Mutanen tsibiran tekun Fasifik sun yi dubban shekaru suna tafiya a irin waɗannan jirage, da su suka kai Hawai da Niyu Zilan. Danginsu suka yi yamma har Madagaska, shi ya sa har yau masuntan Zanzibar suna da ngalawa, kwalekwale mai ɗan rakiya dama da hagu. Kalmar katamaran kanta daga harshen Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure. A 1975 aka gama sassaƙa irin jirgin dā mai suna Hokule'a, a 1976 kuma wani gwani mai suna Mau Piailug ya kai shi daga Hawai zuwa Tahiti, wajen mil 2,500, ba kamfas ba taswira, sai taurari da yanayin ruwa.

Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu ɗungum. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zaga Borno da ƙasar Hausa a shekarun 1850, ya ba da labarin yadda ake haye kogi a Borno da manyan ƙore biyu da aka haɗa da sanda, mutum ya hau tsakiya. Katamaran ke nan na talaka. Amma jirginmu na gado komi ɗaya ne. Wanda aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000, gungume guda ne siriri, in ka ajiye shi a bakin Nasia gobe ba wanda zai yi mamaki. Akwai dalili kuwa. Kogunanmu suna da ciyawa da matsatsun wurare, da filafili da gwangwala ake tuƙi, siririn jirgi shi ya dace da su.

A Turai wani masani, William Petty, ya gina mai komi biyu a Dublin a 1662, ya yi tsere ya ci. Amma wani babba da ya gina daga baya ya ɓace cikin hadiri a 1665 da mutanensa duka. A 1876 Nathanael Herreshoff na Amurka ya shigar da nasa, Amaryllis, tsere a Niyu Yok, ya wuce jiragen attajirai ya bar su a baya. Suka kai ƙara, aka hana shi kyautar, aka kuma hana irin jirginsa shiga tserensu. Ban ga laifin jirgin a nan ba, sai dai ya fi nasu araha ya kuma fi nasu gudu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya farfaɗo, gama yaƙin ya bar katakon filawud mai ƙarfi da gam wanda ruwa ba ya narkarwa. A Hawai Woody Brown da abokansa suka gina Manu Kai a 1947. A Ingila 'yan'uwa biyu, Roland da Francis Prout, masu sana'ar ƙananan kwalekwale, suka fara da ɗaure biyu wuri ɗaya su ga abin da zai faru, daga nan jirginsu Shearwater ya fito. Wanda na fi so a cikinsu duka shi ne James Wharram. Ba shi da kuɗi, masana kuma sun ce jirgin mutanen Fasifik ba zai iya babban teku ba. Ya gina Tangaroa da hannunsa, tsawonsa ƙafa 23 da rabi kawai, bai kai waɗansu kwalekwalen Yeji ba. Ya bar Ingila a 1955 tare da abokan tafiya biyu, Ruth Merseburger da Jutta Schultze-Rhonhof, suka haye Atlantika har Tirinidad. A can suka gina wani mai ƙafa 40, Rongo, suka komo da shi ta arewacin Atlantika a 1959. Har ya rasu a 2021 yana zana jiragen da kafinta zai iya ginawa a bayan gida. A yawancin zanensa na baya da igiya ake ɗaure azara da komi, yadda mutanen Fasifik suke yi da igiyar ɓawon kwakwa. Dalilinsa shi ne, raƙumin ruwa yakan ɗaga komi ɗaya ya saukar da ɗaya, yana murɗa jirgin kamar mai matse wanki. Ƙusa takan tsage katako a irin wannan murɗa, igiya kuwa takan ba da kai kaɗan ta komo. Duk wanda ya taɓa ɗaure jinka ya san wannan.

Ba duka labarin ne mai daɗi ba. Arthur Piver na Kalifoniya ya haye Atlantika a 1960 da tirimaran na filawud, ya sayar da zanensa ga ɗaruruwan mutane, waɗansunsu ba su taɓa riƙe zarto ba, yana yabon jirgin fiye da kima. A 1968 ya fita teku shi kaɗai, ba a ƙara ganinsa ba. Alain Colas na Faransa ya ci tseren haye Atlantika na mutum ɗaya a 1972 da tirimaran na alminiyam, a 1978 shi da jirgin suka ɓace. A tseren nan na 1978, daga Faransa zuwa Gwadalup, Mike Birch a ɗan ƙaramin tirimaran ya riga wani babban mai komi ɗaya, wanda ya kusa ninka shi tsawo, da daƙiƙa 98 bayan kwana 23 a teku. Daga ran nan gardamar sauri ta ƙare.

Sa'an nan hanya ta rabu biyu. Masu tsere suka bi rashin nauyi, daga filawud zuwa faiba, daga faiba zuwa zaren kabon. A 1993 Bruno Peyron da mutanensa suka kewaye duniya cikin kwana 79, a 2005 Ellen MacArthur ita kaɗai ta yi cikin kwana 71, a 2017 Francis Joyon da mutum biyar suka yi cikin kwana 40 da awa 23. A gasar Kofin Amurka ta 2013 aka sa wa jiragen fikafikai a ƙarƙashin ruwa, komi ya tashi sama, jirgi yana gudu fiye da ninki biyu na iskar da take tura shi. 'Ya'yana sun nuna mini a waya, na kalla har sau uku. A shirin gasar nan ne kuma Andrew Simpson ya mutu sa'ad da jirginsu ya kife ya karye. Masu yawon shan iska kuwa suka bi faɗi saboda daɗi: ɗakuna a cikin komi, zaure da madafa a tsakiya, ba ya karkata har shayi ya zube. Da yawa daga cikinsu a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ake gina su. Waɗannan sun yi nauyi, saurin ya ragu ƙwarai, gama ba abin da mai komi biyu ya ƙi kamar kaya.

Yanzu fa, mai karatu, ga aibin da masu yabon jirgin nan ba su cika faɗa ba. Mai dalma yakan kwanta ya tashi. Mai komi biyu yana da wuyar kifewa, amma ran da ya kife ya kife ke nan, faɗin da ya tsai da shi a miƙe shi ne zai tsai da shi a kife. Hokule'a kansa ya kife a 1978, Eddie Aikau ya tafi neman taimako bai komo ba. Sai dai akwai ɗaya gefen. Mai dalma in ya huje, dalmar nan ita za ta ja shi ƙasa. Wanda ba shi da ita yakan zauna a kan ruwa ko da a kife. A watan Yuni 1989 tirimaran mai suna Rose-Noëlle ya kife a gabashin Niyu Zilan da mutum huɗu a ciki. Suka huda komi, suka zauna ciki, suna tarar ruwan sama suna kama kifi, har kwana 119, ruwa ya kai su gaɓar wani tsibiri, dukansu huɗu da rai. An riga an fid da zuciya gare su. Saboda irin wannan ne manyan jiragen yanzu suke da ƙofar tsira a gefen komi, wadda za a iya buɗewa in jirgi ya juye.

Wannan gefen ne ya shafe mu. Mu ba tsere muke yi ba, ba mu kuma da dogon jigo da babban zanen da iska za ta kama ta juye jirgi. Abin da yake kashe mutanenmu uku ne: jirgi ya karkata ruwa ya shiga ta baki, ko kututture ya huda shi, ko kaya su yi yawa. Komi biyu yana maganin na fari sarai. Yana rage na biyu, gama in ɗaya ya huje ɗaya yana nan, balle in an rufe goshi da bayan kowane komi an cusa jarkokin roba marasa komai a ciki. Na uku kuwa ba siffar jirgin da za ta yi maganinsa.

Na kai maganar nan wurin wani dattijo mai fito a Farin Volta, wata rana da rani muna jiran fasinja su cika. Na zana masa a kan yashi. Ya duba ya ce, “Malam, ai muna yi. Ran da za mu haye da injin niƙa, ko motokin, biyu muke jerawa mu shimfiɗa katako.”

Na ce, “To, Baba, me ya hana a bar su a ɗaure kullum?”

Ya yi dariya, ya ƙirga mini da yatsu. Jirgi biyu kuɗin jirgi biyu ne, katako kuwa daga kudu yake zuwa. In an ɗaure su, fito ɗaya za su yi maimakon biyu. In ruwa ya yi ƙarfi yana ɗauke da itace da ciyawa, tarkacen yakan maƙale a tsakani ya juya jirgin. Mutum ɗaya da filafili ba ya iya sarrafa mai faɗi, sai da inji, inji kuwa sai da mai. Sa'an nan ya faɗi wadda ta fi tsaya mini a rai. “In mutane suka ga fili a tsakiya, Malam, wa zai hana su hawa? Wanda yake ɗaukar goma sha biyu zai ɗauki arba'in.”

Gaskiyarsa ce, abin da masu zanen jiragen teku suka tarar ke nan su ma. Mai komi biyu ba ya gargaɗi. Kwalekwale yakan yi rawa tun kaya ba su kai ba, rawar nan ita take tsorata mutane su zauna. Mai faɗi yana nan daram har ruwa ya kai bakin komi, ko azara ta karye. Saboda haka ban ce a ɗaure kowane jirgi a Volta ba. A kogi mai ƙarfi lokacin da aka saki Bagre, na fi amincewa da hannun dattijon nan da siririn jirginsa. Manyan jiragen kasuwar Yeji masu ɗaukar shanu da doya su ma wata magana ce dabam, tasu ta awon kaya ce da rigar ruwa da cire kututture.

Inda na tsaya shi ne fiton 'yan makaranta da na marasa lafiya a ruwa mai kwanciya, wato rassan tafki da fadamun da ambaliya take cikawa ta zauna wata biyu. Kayan nan ba su da nauyi, an san yawansu, hanyar kuma gajeriya ce, ita ce kullum. Yara kuwa ba sa zama shiru, faɗan mai fito ba ya hana ɗan shekara bakwai leƙa ruwa. A nan ba sai an gina komi na biyu cikakke ba. Ɗan rakiya irin na ngalawa ya isa: azara biyu na itace mai ƙarfi a gicciye, a ɗaure da igiyar nailan, ba ƙusa ba, a kowane gefe kuma bututun roba mai kauri da aka toshe bakinsa, irin wanda ake sayarwa a Tamale domin aikin famfo. Kada a shimfiɗa katako a kan azarar, don kada kowa ya sami wurin zama a kai. A ja layi da jan fenti a jikin komi, in ruwa ya taɓa shi ba mai ƙara shiga. Da rani za a gwada, a wuri marar zurfi, da buhunan yashi a maimakon yara, a tara su gefe ɗaya a ga inda zai kai kafin ya sha ruwa, sa'an nan a cika shi da ruwa da gangan a ga ko zai zauna a sama da mutum shida suna riƙe da shi.

Dattijon ya ce in ikilisiya ko kwamitin iyayen yara za su sayi bututun da igiya, shi zai ba da tsohon jirginsa a gwada, amma sai bayan an gama girbin masara a bakin kogi, kuma shi zai zaɓi itacen azarar da kansa.